Littattafan yara na nan kyauta a intanet, me ya hana su shiga aji? Zare 🧵

1/ Jama'a ku ba ni aron hankalinku. Da an ce "fasahar zamani a firamare", hoto ɗaya ne ke zuwa: manya sun yanke ƙyalle, yara riƙe da sabbin tabulet, 'yan jarida na ta ƙyas-ƙyas. Ranar ke nan. Ba mai komawa ya tambaya ko yaran sun iya karatu.

2/ Maganata a dunƙule: akwai shafukan intanet cike da littattafan labarai na yara da Hausa, kyauta, da izinin a buga a raba. Amfaninsu a ajinmu shi ne malami ya sauko da littafin daga waya zuwa takarda, takardar ta shiga hannun yaro. Ba sai mun jira kwangilar tabulet ba.

3/ Mu fara da ciwon. Binciken MICS na 2021, wanda hukumar ƙididdiga ta NBS ta yi tare da UNICEF, ya gano kusan kashi 27 cikin 100 ne kawai na yaran Najeriya 'yan shekara 7 zuwa 14 ke iya karanta gajeren labari su fahimta. Lissafin ƙasa baki ɗaya ke nan fa.

4/ Bankin Duniya a rahotonsa na 2022 ya ce a Afirka kudu da Sahara kusan yara 9 cikin 10 ba sa iya karanta ɗan saƙo mai sauƙi su gane shi a shekara 10. Kullum kukanmu yaran da ba sa zuwa makaranta. To waɗanda ke zuwan fa? Da yawa zuwan kawai suke yi.

5/ Kowa a nan ya san irin yaron. Yana aji 5, rubutunsa kamar a wanke hannu a taɓa, ya kwafi duk abin da ke kan allo tsaf. Ka nuna masa kalma ɗaya cikin abin da ya rubuta ka ce karanta, sai ya sunkuyar da kai. Zane yake yi, ba rubutu ba.

6/ Kuma ba daƙiƙi ba ne. Yaron nan ya haddace izu biyu, ya san canjin dubu ɗaya tun kafin ka gama ciro kuɗin, ya san kowane ɗan wasan Barcelona. Abin da bai taɓa samu ba shi ne littafi a hannunsa, cikin harshen da yake ji, wanda ya yi daidai da ƙarfinsa.

7/ Karatu kamar tuƙin keke ne. Ko shekara za ka yi kana jin bayani, in ba ka hau ba, ba ka iya ba. Ajin da yara 80 ke kallon allo ɗaya suna amsa "A for Apple" da ƙarfi, bayanin keken ake ta yi musu, keken kuwa babu shi.

8/ Abin haushin ma, tsangaya ta riga mu gane wannan. Kowane almajiri da allonsa a hannunsa. Ya fara da babbaƙu, ya shiga farfaru, ya yi ta maimaitawa, sai ya iya a wanke a ƙara masa. Mataki-mataki, kowa da nasa. A boko ne muka ga dama muka bar yaro hannu rabbana.

9/ To ina littattafan suke? Ku rubuta:
African Storybook, na cibiyar Saide a Afirka ta Kudu, tun 2014.
StoryWeaver, na Pratham Books a Indiya, tun 2015.
Global Digital Library, da tallafin ƙasar Norway, tun 2018.
Bloom Library, na ƙungiyar SIL.
Dukkansu akwai Hausa a ciki.

10/ Ba satar fasaha ba ce, ba kuma irin PDF ɗin nan da ake yawo da shi a guruf ba tare da sanin marubuci ba. Akasarinsu suna ƙarƙashin lasisin Creative Commons: ka sauke, ka buga, ka raba, ka fassara, muddin ka bar sunan marubuci da mai zane. Ka dai duba sharaɗin kowane littafi a shafinsa na ƙarshe.

11/ Kuma an jera su hawa-hawa. A African Storybook hawa biyar ne, daga na kalmomin farko, zuwa gajerun jimloli, har zuwa dogon labarin da babba zai karanta wa yara. Wato babbaƙu da farfarun boko. Malami ba ya buƙatar lalube, ya zaɓi wanda ya dace da ajinsa kawai.

12/ Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Shekara goma ke nan da ɗoriya ana tara wannan rumbun. Ka tambayi malaman firamare goma da ka sani ko sun taɓa jin sunan ɗaya daga cikin shafukan nan. Yi gwajin da kanka, ka dawo ka gaya mana a ƙasa.

13/ Yanzu ga inda zan ɓata wa wasu rai. Da zarar mai mulki ya ji "littattafai a intanet", abin da kunnensa ke ji shi ne "sayo na'urori". Dalili a fili yake: tabulet dubu goma kwangila ce, akwai kaso, akwai hoto. Rim ɗin takarda da tawadar firinta ba wanda zai yi suna da su.

14/ An gwada hanyar na'urar, ba yau ba. A 2007 shirin One Laptop per Child ya raba ƙananan kwamfutoci a firamaren Galadima da ke Abuja, duniya ta yi ta labari. Yau ina shirin yake a makarantunmu? Wa ya gaji kwamfutocin?

15/ Ƙasar Peru kuwa ta shiga shirin da ƙarfinta, ta sayi kwamfutocin dubu ɗaruruwa. A 2012 masu bincike na bankin IDB suka auna sakamako: yaran sun iya latsa kwamfuta, amma makinsu a lissafi da harshe bai ɗaga ba. Kuɗi sun tafi, karatu na nan inda yake.

16/ Ka yi tunanin makarantar ƙauyenku. Babu wuta, babu ƙofa, wani ajin babu rufi. Tabulet na son caji kullum, gilashinta na fashewa, tana buƙatar mai gyara, ɓarawo na son ta. Hedimasta mai tsoron a ce ta ɓata a hannunsa zai kulle su a akwati. Ni ban ga laifinsa ba.

17/ Takarda fa? Ba ta son caji. Ta faɗi ƙasa a kaɗe a ci gaba. Yaro zai tafi da ita gida, ƙanwarsa ta leƙa, uwarsa da ba ta yi boko ba ta ce "karanta min in ji". In ta yage a sake bugawa. Wace na'ura ce ke wannan aikin a Sumaila ko Illela?

18/ Ga lissafi mai sauƙi. Fallen takardar A4 guda 4, a buga gaba da baya, a lanƙwasa tsakiya, a danna ƙusar sitafula: littafi mai shafi 16 ya fito. Wasu shafukan ma suna ba ka PDF da aka riga aka tsara don a buga haka. Mai fotokwafin bakin sakatariya ya isa.

19/ Yara biyu su haɗu a kan kwafi ɗaya. Aji mai 80 na buƙatar kwafi 40. Aji 2A su gama, a miƙa wa 2B, shekara mai zuwa wasu su gada. Labari ɗaya duk mako, a zango uku an haura labari 30. Yaron da bai taɓa riƙe ko ɗaya ba.

20/ "Ai ko kuɗin fotokwafin babu." To, da babu gara ba daɗi. Littattafan hawa na farko jimla ɗaya ce a kowane shafi. Labarin gaba ɗaya zai shiga allo. Ko a samu kwali a rubuta da maka, manyan baƙaƙe, a rataye. Waya ɗaya ta malami ta zagaya don a ga hotunan.

21/ "Babu data, babu sabis." Sau ɗaya ake saukewa. Wanda ya shiga gari ya sauke guda 50, ya tura wa sauran malamai ta Xender ko Bluetooth, kamar yadda ake tura waƙa da fassarar Indiya. In fim mai awa uku na isa ƙauye ba data, littafi mai shafi 12 ba zai gagara ba.

22/ "Intanet ɓata yara take." Na yarda da tsoron, shi ya sa ma nake cewa kar a miƙa wa ɗan shekara 7 waya. Malami ne ke shiga shafin, ya karanta, ya tace, ya zaɓa. Abin da ke isa ga yaro takarda ce. Babu talla, babu TikTok, babu baƙon da zai yi masa magana.

23/ Sai babbar gardama: "Me zai yi da Hausa? Da Turanci ake JAMB." Haka ne, da Turanci ake yi. Amma yaro sau ɗaya yake koyon sirrin karatu a rayuwarsa, wato gane cewa wannan baƙin na wakiltar wannan sautin. In ya kama wannan a harshen da yake ji, da shi zai tsallaka Turanci.

24/ Kuma Hausar boko ta yi mana gata. Yadda aka rubuta haka ake faɗa: ba, bi, bu, be, bo. Yaro ya haɗa "ka" da "za", ya ji "kaza" ta fito daga bakinsa, ya kuma san kaza. Wannan daɗin ne ke sa shi neman kalma ta gaba.

25/ Kwatanta da Turanci: harafin a ɗaya a cat, cake da call, sauti uku daban. Ka ɗora wa ɗan shekara 6 koyon baƙaƙe, da koyon sabon harshe, da rikicin rubutun harshen, duk lokaci guda, a bakin malamin da shi ma Turancin bai zauna masa ba. Sannan ka ce yaron ne ba ya ja.

26/ Ba sabon zance ba ne. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwaji a Ife, aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida na firamare, Turanci kuma a matsayin darasi. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba, a wasu darussan ma sun fi su.

27/ A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da harshen uwa a firamare. A Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar an soke, a koma Turanci zalla. Manufa ta zo ta wuce kamar hadarin kaka. Abin tambaya: tsakanin nan littattafan Hausa nawa suka isa hannun yara?

28/ Ba za ka hana mutum makami ba sannan ka ce ya kasa yaƙi. Kuma ko an soke ko ba a soke ba, malamin ƙauye da Hausa yake bayani, kowa ya sani. Babu wata takardar Abuja da ta haramta wa yaro karanta labarin gizo da ƙoƙi na minti 20 kafin a tashi tara.

29/ Ku iyayen birni masu alfaharin "ai Junior ba ya jin Hausa", ban da ku a wannan lissafin, kuna da kuɗin makarantar kuɗi da malamin lesin. Roƙona ɗaya: ku daina auna ɗan mai facin Rimin Gado da ma'aunin ɗanku. Gidansu ba a Turanci, ba kuma za a fara gobe ba.

30/ Kar kuma wani ya ɗauka littafin kaɗai zai yi aikin. Shafin intanet rumbu ne, ba malami ba. A 2017 gwamnatin Kaduna ta ce malamai 21,780 cikin 33,000 sun faɗi jarrabawar 'yan aji 4. Ko ka yarda da jarrabawar ko ba ka yarda ba, ta nuna inda gizo ke saƙa.

31/ Malamin da ake biya a makare, aka jibge masa yara ɗari, ba ya buƙatar wani bita na kwana uku a otal kan "dijital". Yana buƙatar abu mai sauƙi da zai yi ranar Litinin. Ga shi nan, minti 20 zuwa 30 kullum:

32/ Ɗaya, a nuna hoton bango, a tambayi yara me suke zaton zai faru.
Biyu, malami ya karanta da murya, yatsa na bin kalmomi.
Uku, a karanta tare.
Huɗu, biyu-biyu, wannan ya karanta wa wancan.
Biyar, tambaya: wa ya yi me, don me, da kai ne ya za ka yi?

33/ Mataki na huɗun nan shi ne zuciyar abin. A amshin aji, yaron da bai iya ba yana ɓuya cikin muryar jama'a har ya gama firamare. In su biyu ne kan takarda ɗaya, babu wurin ɓuya. Malami na zagayawa zai ji wanda ya maƙale, ya san inda zai taimaka.

34/ Mun ma ga irinsa a gida. Shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da shirin RANA a Katsina da Zamfara, duk da Hausa suka koyar da karatun farko, da littafi a hannun yaro da jagora a hannun malami. Kuɗin baƙi ne ya ɗauki nauyinsu.

35/ Kuɗin baƙi kuma yana da ranar tafiya. USAID da ta ɗauki nauyin Mu Karanta ita kanta an rushe ta a 2025. Wanda ke jiran wata ƙungiya daga Amurka ko Ingila ta zo ta koya wa ɗansa "ba bi bu", zai daɗe a bakin titi.

36/ Gaskiya ɗaya da ba zan ɓoye ba: ba kowane littafin Hausa a shafukan nan ne mai kyau ba. Za ka ci karo da fassarar da ba Bahaushen da ke magana haka, da wadda aka yar da ƙugiyar ɓ, ɗ, ƙ. A wajen mai koyo ba ƙaramin abu ba ne: baki daban, baƙi daban. Dole a tace.

37/ Akwai kuma labaran da duniyarsu ta yi nisa da yaronmu. Ba laifi ya san akwai ƙanƙara da jirgin ƙasa na cikin rami, amma a hawan farko ya fi son ya ga kansa: tallan awara, ranar kasuwa, hawan sallah, akuyar da ta cinye littafin Yaya. Wa zai rubuta waɗannan? Ɗan Indiya?

38/ Nan na zo kanmu, 'yan onlayin. Wasu daga cikin shafukan nan suna ba kowa dama ya yi rajista, ya fassara littafi, ko ya ɗauki hotunan da ke akwai ya rubuta sabon labari. A wayarka. Datar da ka ƙona jiya kana faɗan Kano da Zazzau ta isa ka gama guda biyu.

39/ Marubutanmu na WhatsApp da Wattpad, musamman mata, Allah Ya ƙara basira, kuna sakin shafi ɗari-ɗari mutane na bi har asuba. Hajiya, labarin yara kalma 150 ne fa. Masu biyan kuɗin littafinki nan da shekara 15 su ne 'yan aji 2 na yau. In ba su iya karatu ba, wa zai saya?

40/ Sassan Hausa na BUK, ABU, Danfodiyo da kwalejojin ilimi: duk shekara ɗalibai na rubuta kundin da ƙura ce kawai ke karanta shi. Me zai hana kowane ɗalibi ya gyara ko ya rubuta littafin yara ɗaya, malami ya duba ƙa'idar rubutu, a ɗora? Aji ɗaya zai cika kanta.

41/ Mun taɓa yi ai. A Zariya aka buga Magana Jari Ce na Abubakar Imam a ƙarshen shekarun 1930, don 'yan makaranta. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939. Zamanin Yaƙi da Jahilci an cika ƙauyuka da ƙananan littattafai. Ba su da intanet, ba su da firinta a kowane lungu. Mu muna da duka biyun.

42/ Gwamnati kuma ba ta tsira ba. Dokar UBE ta 2004 ta ware wa ilimin farko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma kullum UBEC na kukan jihohi sun bar kuɗin a ajiye don ba su kawo nasu kason ba. Kuɗin takarda da tawada ba shi ne ya gagara ba. Niyya ce babu.

43/ Don haka duk ɗan siyasar da ya zo da zancen "makarantar zamani", ku yi masa tambaya uku a ƙasan fostinsa: littattafai nawa ne a hannun ɗan aji 2? Da wane harshe? Yara nawa ne suka iya karatu bara, nawa bana? In ya amsa da hoton gini, kun san amsar.

44/ Kai kuma ga naka aikin, kafin Juma'a. Sauke labari ɗaya na hawa na biyu. Kira ƙaninka ko 'yar yayarka da ke firamare, ba tsawa, ba bulala. Ka ce ta karanta maka na minti ɗaya, ka ƙirga kalmomin da ta faɗa daidai. Rubuta adadin ka ajiye.

45/ In abin ya ba ka tsoro, madalla, ka ga abin da ake magana a kai. Buga labarai biyar, ku yi minti 20 kullum bayan la'asar ko bayan an taso Islamiyya. Bayan wata ɗaya ka sake ƙirgawa. Gani ya kori ji.

46/ Sannan ka ɗauki kwafin ka je firamaren unguwarku. Ka gaida hedimasta da ladabi, ka nemi malamar aji 2, ka ce "Malama, ga wannan ko zai yi amfani." Ka tura mata sauran a wayarta. Masu bautar ƙasa, ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, 'yan kwamitin SBMC, wannan layin naku ne.

47/ Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya bar aji 3 bai iya karatu ba, kowane darasi daga nan duhu ne a wajensa, kuma shi ne za a ce a saya wa satar amsa a WAEC. Wanda ya san malamin firamare ya tura masa zaren nan. Wanda ya buga littafi ya ajiye mana hotonsa a ƙasa, mu gani. 🧵